Hancin Léonce Bouscarrut

Duk yankin Médoc mai gonakin inabi an san Léonce Bouscarrut da hanci. Jar giyar gonarsu tana cikin waɗanda aka ba daraja tun zamanin kakanni, kuma shi ke shinshina kowace ganga ya ce wannan ta shiga babbar kwalba, wato giyar gidan mafi daraja, waccan a ajiye ta gefe. Sai wata mura ta kwantar da shi da hunturu. Ya warke, amma ƙamshi bai dawo ba. Kofi ya zama ruwan zafi mai ɗaci. Bai gaya wa kowa ba, har 'yarsa Maïlys da ke kula da ɗakin gangunan.

Da bazara ta shigo, dillalan giya suka zo daga birnin Bordeaux cin abincin rana. Aka gasa ɗan rago a kan busassun rassan inabi. Maƙwabcinsa Firmin, abokin tsokanarsa tun suna yara, ya gayyaci kansa kamar kullum.

Léonce ya ɗauko tsohuwar kwalba, ta shekarar da aka haifi Maïlys. Da hannunsa ya buɗe, ya zuba wa kowa. Ya juya kofinsa, ya kai hanci, ya lumshe ido. Ba abin da ya ji. Amma ya san giyar nan kamar sunansa.

“Kun ji ta ko?” in ji shi. “Baƙaƙen 'ya'yan itace ne farko, sai ƙamshin itacen al'ul, da ɗan ganyen taba. A ƙarshe, ƙasa bayan ruwan farko.”

Kowa ya kai kofinsa hanci. Wata dillaliya ta kurɓa, ta haɗiye da ƙyar, ta ce, “Lallai, tana da hali nata.” Sauran suka gyaɗa kai, idonsu a kan faranti.

Firmin ya shinshina, ya ture kofin. “Kai tsoho, wasa kake? Wannan ai warin jiƙaƙƙen kwali take. Toshiyar kwalbar ta ruɓar da ita! Ko so kake ka kashe mu ka gaji ragon?”

Ya fashe da dariya, yana jiran a rama masa. Da ya ga fuskar Léonce, dariyar ta maƙale.

Maïlys ta tashi ta kwashe kofunan. “Bari in kawo wata, Baba,” ta ce a hankali.

Ba maganar Firmin ce ta fi ƙona shi ba. Matar nan ce, da ta haɗiye ruɓaɓɓiyar giya don ta rufa masa asiri a teburinsa. Ya ji wuyansa ya ɗau zafi har kunne. Ya ajiye tsumman hannu, ya ce zai duba wani abu, ya fita.

Maïlys ta same shi a ƙarshen layin inabi, inda ake hango kogin Gironde, yana wasa da tsakuwa da bakin takalmi.

“Tun yaushe?”

“Tun murar nan.”

“Na yi zato. Ranar da miya ta ƙone kana zaune a kicin kana karanta jarida.”

“Kika yi shiru?”

“Kai ma ai shiru ka yi.”

Ya kasa kallonta. “Na tsaya gaban mutane ina waƙar abin da ban ji ba. Da wace fuska zan koma?”

“Da wannan dai. Sun gama da ragon, cuku suke jira.” Ta miƙa masa kofin da ta riƙo, na giyar bana. “Kurɓa. Bar hancin. Me bakinka ya ce?”

Ya so ya ƙi, sai ya kurɓa, ya juya ta a baki. “Baurinta ya yi yawa, yana kama dasashi. Ta gangunan gefen daji ce. Kada ta shiga babbar kwalba.”

“Ni ƙamshinta ya ruɗe ni, da na saka ta. Gobe mu zauna tare mu tace gangunan.”

Da suka koma, Léonce bai zauna ba sai da ya gaya wa baƙin gaskiya, ya kuma ba dillaliyar haƙuri. Firmin ya matsa masa kujera, ya tura masa farantin cuku mafi wari a teburin.

“Ci wannan,” ya ce. “Yau kai kaɗai ne warinsa ba zai dama ba.”