Gabas ɗin Malam Mansir

Allurar ta yi rawa sau biyu, ta tsaya a inda ba ta taɓa tsayawa ba. Malam Mansir ya girgiza kamfas ɗin, ya hura masa iska, ya goge gilashin da bakin riga. Allurar ta koma wurin nan dai.

Kwana arba'in ke nan da rasuwar matarsa Bibata, kuma da safiyar nan aka fitar da gadonta na ƙarfe tsakar gida za a ba da shi sadaka. Ɗakin ya yi wayam. Ya so ya yi walaha a gurbin da ta shekara biyu kwance tana salla da ishara, shi ne ya ɗauko kamfas ɗin, wanda yake kira busol, don ya tabbatar da alƙibla. Wani matuƙin jirgi ne ya ba shi abin tun yana gadi a tashar jiragen ruwa, kuma tun ranar duk unguwar Zongo ba wanda ya isa ya yi masa gardamar gabas. Ko rana ce ta fito ta saɓa wa allurarsa, to a wurinsa ranar ce ta yi kuskure.

"Rachida! Zo ki ga, busol ɗin nan ta haukace."

'Yarsa ta shigo hannunta jiƙe da ruwan wanke-wanke. Malamar kimiyya ce a wata makaranta a unguwar Gbégamey, inda ɗalibai ke kiranta kamarad, wato abokiyar gwagwarmaya, kamar yadda gwamnati ta ce a riƙa yi, amma a gaban ubanta durƙusawa take. Ta dubi allurar.

"Baba, ranar da ka daidaita wa Inna gado, a ina ka aza ta?"

"A kan ƙarfen wajen kai mana. Ina kuma?"

Ta karɓi kamfas ɗin, ya bi ta tsakar gida. Tana kusantar gadon allurar ta fara karkata, da ta aza shi a kan ƙarfen sai ta juya sosai kamar an kira ta. Ta ɗaga, allurar ta dawo.

"Allurar nan maganaɗisu ce ƙarama," in ji ta a hankali. "Ita kanta duniya maganaɗisu ce babba, janta ya ratsa daga kudu zuwa arewa. Shi allurar ke bi ta nuna maka arewa, kai kuma ka fitar da gabas daga nan. Amma jan duniya ba shi da ƙarfi sosai. In ƙarfe ya matso kusa, sai ya ƙwace ta."

Malam Mansir ya koma ɗakin ya tsaya daidai inda fuskar Bibata take kallo duk tsawon jinyarta, ya miƙa hannu. Hannun ya nuna kudu, wajen teku, can gefen unguwar Placodji. Ya zauna a kan ledar da ke shimfiɗe a ƙasa. Baƙin ciki ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka kai ta.

"Shekara biyu," ya ce. "Salla biyar kullum. Ni na karkatar da ita."

"Ai ka yi iya ƙoƙarinka, Baba. Allah ya gani."

"Ta faɗa mini! Satin farko ta ce, Malam, hasken safiya ba ta nan yake shigowa ba. Na ce mata me ta sani game da busol. Ba ta ƙara tankawa ba."

Rediyon maƙwabta na ta kirarin juyin juya hali. Rachida ta daɗe tana kallon ubanta, ta ga in ta bar shi haka abin zai cinye shi. Sai ta roƙe shi ya ɗan matsa, ta naɗe ledar.

A kan simintin akwai tsaga guda huɗu masu lanƙwasa da jan ƙarfe ya bari, kowacce a inda ƙafar gado take.

"In ka tafi masallaci, ni da Iya Saoudatou ta gidan baya muke jan gadon mu fuskantar da ita gabas. Kafin ka dawo mu mayar. In ina makaranta, Iya ke ja ita kaɗai. Sallar Inna ba ta karkace ba."

"Me ya hana ku gaya mini?"

"Ita ta hana. Ta ce tun da ka bar aiki, busol ɗin nan kaɗai ta rage da mutane ke sallama da kai dominta."

Ya sa yatsa cikin tsaga ɗaya. Tana da zurfi. Ciwon baya ne ya kwantar da Bibata, ciwon da ko gefen gadon mutum ba ya iya zama, don motsi kaɗan sai ta yi ƙara. Masallacin kuwa katanga ɗaya ce tsakaninsa da ɗakin nan.

"Ban taɓa jin ƙararta ba," ya ce.

Rachida ta sunkuyar da kai.

"Bakin zani take cusawa a baki, Baba. Sau goma a rana."