Bugun Wiwi a Bayan Gida

A Ketama, garin manoman wiwi da ke cikin duwatsu, da sanyi ya shigo kowane gida sai ya koma gidan makaɗa. A baza busasshiyar wiwi a kan rariyar yadi, a rufe da leda, a yi ta bugu da sanduna biyu har garinta ya zuba a kwano. Daga wannan dutse zuwa wancan ba ka jin komai sai dim-dim.

Ana tsakiyar bugun aka sallamo Layashi daga asibitin masu taɓin hankali. Likita ta ja uwarsa Mannana gefe, ta ce in ya sake jin abin da babu shi a dawo da shi, kuma wannan karon zai daɗe.

Ubansa Mufaddal har gobe bai yarda wiwi ce ta taɓa yaron ba. Wai kakan yaron ya sha ta a lofe har ya mutu da hankalinsa garau. Ya manta ta kaka tsohon iri ce mai sanyi. Sabon irin nan mai zafi shi ya shuka da hannunsa, yaron kuwa ya fara zuƙa tun gemu bai tsiro masa ba.

Kullum Layashi na zaune a ƙofar gida, sai ya ce, "Inna, kina jin bugun?"

"Kurma ce ni? Gidan maƙwabcinmu Hammadi ne, ragwayen banza, sai yanzu suka fara."

Sai ka ga hankalinsa ya kwanta.

Sanyi ya wuce, bugu ya ƙare a ko'ina. Wata safiya Mannana tana kwaɓa burodi, gari tsit, Layashi ya leƙo.

"Inna, kina ji?"

Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka tafi da shi.

"Ina zuwa, bari in sauke shayi."

Ta zaga bayan gida, ta dangwarar wa Mufaddal sanduna da kwano wayam.

"Buga."

"In buga me, baiwar Allah? Kin ga wiwi a nan?"

"Kai ka shuka, kai za ka buga. Ba za a sake raba ni da ɗana ba."

Ya dube ta ya dube ta, sannan ya tsuguna ya fara bugun kwanon.

Ta dawo tana goge garin burodi a zanenta. "Ina ji mana. Ubanka ne."

Layashi ya karkata kai ya saurara.

"E, wannan Baba ne," ya ce a hankali. "To ɗayan fa, Inna, wa ke buga shi?"