Hankakin Stanley da Madarar Doreen

Doreen Hirst ta buɗe ƙofa da safe ta tarar da abin da ta saba tararwa: kwalaben madara biyu a dokin ƙofa, an huda murafensu, an zuƙe maiƙon da ke sama, ga kashin tsuntsu a jikin ɗaya. Hankaka na zaune a kan katanga yana kallonta, ko gezau.

"Ɗan banza!" Ta cire silifa ta jefe shi. Silifar ta faɗa farfajiyar maƙwabci, hankaka ya ɗan gusa ya ci gaba da goge baki.

Maƙwabcin shi ne Stanley Ackroyd, tsohon kafinta. Tun suna amare suke katanga ɗaya da su Doreen a layin gidajen ma'aikatan masaƙa. Matarsa Sylvia, wadda ta rasu bara waccan, ita ce mai son tsuntsaye, ita ta sa ya kafa mata ɗan tebur mai rumfa a bakin katanga tana zuba musu gutsuren burodi. Da ta mutu sai Stanley ya gaji aikin, har ya zarce ta: burodi, kitse, ragowar dankali. Tsuntsayen garin kaf suka san gidan. In sun gama da teburinsa, sai su sauko su kora da madarar Doreen.

Babu dabarar da ba ta gwada ba. Ta ajiye kofuna ta roƙi Neville mai madara ya riƙa kifa su a kan kwalaben. Ƙananan tsuntsayen suka haƙura, hankaki kuwa suka koyi ture kofi da baki. Ta kawo falalen dutse, ya zame ya fasa kwalba. Da ta fito da tsofaffin safa, Neville ya yi tsaki.

"Haba Doreen, mutane na jirana. Madara nake rabawa ko sutura nake sa wa kwalba?"

Ita kuma ba ta iya zubar da abinci. Sai ta tsiyaye na saman, ta yi amfani da sauran. Mijinta Clifford kan sha kofi guda da sanyinsa kowace safiya.

Ran nan gudawa da zazzaɓi suka kwantar da shi. Dama zuciyarsa ba lafiya ce da ita ba, kafin a yi haka sai ga shi a gadon asibiti ana ƙara masa ruwa. Likita ya yi ta tambayoyi game da abin da ya ci, can ya ce, "Tsuntsaye na taɓa muku madara?"

Doreen ta ji kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Da hannunta ta zuba wa Clifford madarar.

Daga tashar bas ba ta ko shiga gida ba. Ta dirka wa ƙofar Stanley duka har ya fito, da kwanon kitse a hannu.

"Yaya jikin Clifford?"

"Au, kana ma da bakin tambaya? Yana can ƙashi da fata, saboda 'yan gatan nan naka! Ka cire teburin nan yau."

"Doreen, tsuntsun sama nawa ne? Ni na haife shi?"

"Kai ke ciyar da shi! Wanda ya kira kare da ƙashi ai shi ke da haushinsa."

"To ki tashi da wuri ki ɗauke madararki mana. Mutum na barci har rana ta take, ya ce laifin hankaka ne."

"Ni? Ni ce mai barci? Tsohon kawai! Wa ya dafa maka abinci duk lokacin da Sylvia ke kwance?"

"Ita ta ce kada in bar su da yunwa," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Kada ka laɓe a bayan matacciya. Sylvia tana da hankali. Da tana nan da ba ta zaɓi hankaka a kan ɗan Adam ba."

Stanley ya juya zai rufe ƙofa. Abin da ya ƙarasa tunzura ta ke nan. Shebur ɗin kwal na jingine a gefe, ta sure shi ta nufi teburin. Duka na farko rumfar ta tashi, na biyu ƙafar ta karye. Ta yi ta maka masa tana haki, burodi na tarwatsewa, matan layin sun fito sun yi cirko-cirko, ba wadda ta yi ƙarfin halin riƙe ta. Da ta gaji ta yar da shebur.

Stanley ya sunkuya ya ɗauki wani guntun katako kore.

"Ita ta yi masa fentin nan," ya ce, ya tattara sauran ya shige.

Maganar ta soki Doreen, amma da ta tuna fuskar Clifford a kan matashi sai zuciyarta ta sake bushewa.

Bayan kwana biyu ta buɗe ƙofa ta ga akwati a dokin ƙofarta, na koren katako, da murfi mai nauyi da 'yar sakata. A ciki madararta ce, ba abin da ya taɓa ta. Ta gane katakon. Ta cire kwalaben ta cilla akwatin ta kan katanga. Washegari ya dawo, wannan karon an kafe shi da ƙusa a jikin bango.

"Wa ya ce ka sa mini madara a cikin wannan abin?" ta tare Neville.

"Ni dai inda na ga akwati nan nake sawa. Rigimarku ku ƙarata can."

Aka sallamo Clifford, wandonsa na zamewa don rama. Ya dubi akwatin, ya ɗaga murfin ya mayar.

"Aiki ya yi kyau. Ki bar shi, Doreen."

"Ko haƙuri bai ba ni ba!"

"Ke kin ba shi?"

A ranar, Clifford shi ya haɗa wa kansa shayi.

Abin da ya fi ƙona mata rai ya biyo baya. Stanley ya kafa sabon tebur, ya fi na da girma, ko da yake ya matsa da shi can ƙarshen farfajiya. Matan layin kuma suka yi masa caa, kowace na son irin akwatin Doreen. Kafin hunturu ya fita kowane dokin ƙofa na da nasa, ana ta sa wa Stanley albarka, har da masu kai masa gasasshen nama ranar Lahadi.

"Shi ya kawo cutar, shi ya kawo maganin, shi kuma ake yi wa godiya," in ji Doreen. "Ni ce mahaukaciyar da ta fasa teburin marigayiya."

Clifford ya murmure, ya koma zama da Stanley a bencin bakin layi suna gardamar ƙwallo. Doreen ba ta hana shi ba, amma ita da Stanley ko gaisuwa ba ta ƙara haɗa su ba. In sun yi kiciɓis a kantin unguwa, sai ya ɗaga mata hula, ita kuma ta kau da kai ta wuce.