Zogalen Ɗan'inna

Guguwar da ta bi ta layinmu a unguwar Al-Sih, nan ƙasa mai tsarki, ba ta daɗe ba, amma ta yi aika-aika. Ta zo bayan la'asar, ta yaye rufin shaguna, ta kwashe allunan suna, ta ɗauki rumfar Bakri mai tsire ta ɗora ta a kan wata mota can layin baya. Ni kuwa ina cikin kantin maganin da nake aiki, na rungume kwalin auduga ina ta salati, sai ka ce shi zai cece ni. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba. Sai dai iskar ta tumɓuke zogalen Hajo.

Hajo tsohuwa ce 'yar Chadi, mai masa da kwaɗo a shagon ƙarshen layi. Mijinta, marigayi Ɗan'inna, shi ya kawo reshen daga wata gonar dabino a Al-Awali inda ya yi aiki, ya dasa a ƙofar shagon. Ɗansu Haisam, mai aiki a filin jirgi, ya daɗe yana roƙonta ta rufe shago ta koma gidansa. Amsarta kullum ɗaya ce: "In na tafi, wa zai ba itacen babanka ruwa?" Ranar guguwar ya zo ya tafi da ita, tunda rufinta ma ya yi gaba.

Washegari Bakri ya kira gayya, irin ta gida. 'Yan Sudan, 'yan Chadi, mu 'yan Kano, har likitan haƙorin da ban taɓa ganin ya ɗaga ko bokiti ba, kowa ya fito. Maza suna ɗora kwano, muna share gilashi, ana ta tsiya da dariya. Da rana ta yi, mu mata muka dubi zogalen nan kwance da ganye shar. Wace Bahaushiya ce za ta bar zogale ya tafi bola? Muka tsige shi tas, muka kwaɗa da ƙuli, 'yan gayya suka ci har da siɗe hannu. Bakri kuma ya sa zarto ya yanke manyan rassan, ya kafa su cikin bokitan fenti cike da ƙasa, ya tokare sabuwar rumfarsa kafin mai walda ya kawo ƙarfe. Motar baladiyya, wato hukumar gari, ta kwashe kututturen, aka cike ramin. Mu duka, da yawanmu da wayonmu, ba wanda ya tuna ya tambayi mai itacen.

Da Hajo ta dawo ganin shagonta, ta tsaya a kan ramin da aka cike.

"Inna Hajo," in ji Bakri, yana sosa ƙeya, "wallahi iska ce ta kayar, mu dai..."

"Iska ta kayar, ku kuka cinye," ta ce. Ta juyo kaina. "Har da ke, Surayya?"

Na so ƙasa ta tsage in shige, don ni ce ma na daka ƙulin. Nan take ta ce wa Haisam ya shirya mata ɗaki, ta gama da layin nan.

Layi ya farfaɗo. An mai da alluna, an yi sabon fenti, shagon turare ya sa fitilu har sun yi yawa, masu saye suka dawo. Amma da safe babu ƙamshin masa, kuma abin ya dame ni ƙwarai. Bakri ya aika mata tsire, ta mai do masa. Ya sake aikawa, Haisam ya cinye a hanya.

Ranar kwashe kaya Haisam ya zo da mota, ya loda tanda da tukwane. Bakri ya fito yana goge hannu.

"Inna, ki yafe mini. Bukra, gobe-goben nan, mai walda zai zo, a cire sandunan nan, kada ki riƙa ganinsu ranki yana ɓaci."

"Ni da zan tafi ina zan gan su?" ta ce. Gwiwa ta dame ta, sai ta dafa sanda ɗaya don ta gyara takalmi. Ta tsaya a sunkuye. Na ɗauka jiri ne, na taho da gudu.

Ashe ruwan mukayyif ɗin shagon Bakri, wannan na'urar sanyi da kullum nake masa faɗa tana jiƙa hanya, cikin bokitan yake ɗiga. A jikin sandar, ta wajen bango inda ba mai dubawa, ga 'yan ganyaye sun tsiro, ƙanana kamar farcen jariri. Ta zagaya ta duba sauran sandunan. Duk sun kama.

"Haisam, sauke kayan."

"Ya ummi, halas mana, ya isa haka!" in ji shi.

"A da itace ɗaya nake ba ruwa, yanzu huɗu ne. Kai kuma Bakri, mai waldan nan ya taɓa su, ni da kai ne. Ja wutarka baya, kana ƙona masa ganye."

Bakri ya ja tukubarsa har bakin titi yana dariya, ido ya cika da ƙwalla, wai hayaƙi ne. Haisam ya yi ƙunƙuni da Larabci, amma shi ya fara sauko da tanda.

Hajo ta karɓi gorar ruwan da ke hannuna, ta durƙusa da ƙyar, ta tsiyaya a gindin sandar farko.

"Haba Malam," ta ce a hankali, yadda take kiran marigayi mijinta, "ka koma maƙwabta ba ka gaya mini ba?"