Harajin Lorene na Ƙarshe

Orville Tackett ya dire gwangwanin kofi a kan teburin Wendell. A cikinsa yake cusa duk rasit ɗin gyaran tarakta da yake yi, wasu da maiƙon mai, wasu ɓera ya taɓa. 'Yarsa Darlene ce ta tuƙo shi, don watan Afrilu na biyan haraji ya kama, kuma gwamnati ba ta jiran mai makoki.

Wendell, mai cike wa mutanen garin takardun haraji, ya gyara tabarau ya ce, "Baba Orville, bana a haɗa ka da Mama Lorene a takardar harajin bara ko a raba?"

Tsohon ya zuba masa ido. "Kai Wendell, ba da kai aka ɗauki akwatin gawarta a bazarar bara ba?"

"Da ni."

"To wa za ka haɗa ni da ita?"

"A dokar haraji, shekarar da ta rasu gaba ɗaya matarka ce. In an haɗa, za a yi maka sauƙi sosai."

"Wato a coci ta mutu, a wurin gwamnati tana nan?"

"Ta shekarar bara kaɗai."

"Bana fa?"

"Bana ta rasu."

Orville ya cire hula ya sosa kai, ya mayar. Abin ya ƙi zama masa. Tun da suka yi aure, Lorene ba ta taɓa yarda an haɗa su ba. Girki take yi a makarantar firamare, albashinta a fili yake, ba ƙura. Duk shekara sai Wendell ya nuna mata asarar da suke yi, ita kuwa ta nuna gwangwanin da haɓa ta ce, "Ɗaki ɗaya na yarda, gado ɗaya na yarda. Amma in sa hannu a ƙarƙashin wannan shara? In ƙarya ta fito, har ni za a tambaya."

"To wa zai sa mata hannu?" in ji shi.

"Kai. A madadinta."

"Ba sai an tambaye ta ba?"

Darlene ta dafa kafaɗarsa. "Haba Baba, wa za a tambaya? Rufin gidanka yana yoyo. Ka sa hannu mu tafi, miyata na kan wuta."

Ya karɓi biro. Ya ga layin da aka bar wa sunanta, fari fes. Ya juya ga gwangwanin. Shi kansa ba zai iya rantsuwa a kan abin da ke ciki ba. Shekaru tana tsare sunanta daga wannan gwangwani, yau da ba ta da bakin cewa a'a, shi ne zai tsoma shi ciki?

Ya ajiye biron. "A raba."

"Baba!"

"Ke, uwarki ce. Kin san abin da za ta ce."

Wendell ya yi ajiyar zuciya, ya jawo wata takarda. "To nata daban ke nan. Darlene, ke ke kula da abin da ta bari, ke za ki sa mata hannu."

"Tsaya," in ji Orville. "Har yanzu sai ta biya?"

"Na watannin da ta yi aiki."

Tsohon ya rungumi gwangwaninsa ya miƙe. A bakin ƙofa ya waiwayo.

"Baɗi kuma wa za ka raba ni da ita?"

Wendell ya tura wa Darlene takardar. Darlene ta sunkuya ta rubuta sunan uwarta.