Fenti a Kan Tsatsa

"Kai ne ka karya wa jikana ƙafa," in ji tsohuwar, ta dire guntun ƙarfe a kan bencin bakanike.

Ya ɗago kai daga injin da yake gyarawa. "Mama, shawara kawai na bayar."

Shawarar ce ta kawo ta. Wata huɗu jikanta yana fama da tsohuwar motar jif ta marigayi kakansa, wadda ta shekara goma a bayan gida, kaji na ƙwai a kujerunta. Da ya ga tsatsa ta ci ƙarfen da ke ɗauke da jikin motar, sai ya tambayi wannan bakanike mai ƙaton tumbi ko a kira mai walda. Ko leƙawa bai yi ba, ya ce motocin dā ba sa mutuwa, ya goge ya shafa fenti kawai. Ranar da motar ta fara hawa hanyar duwatsu ƙarfen ya karye, ta kife da yaron.

"Ko sunana ban iya rubutawa ba, amma na san ruɓaɓɓen abu," ta ce, ta huda ƙarfen da ɗan yatsa. "Kai shekara talatin kana me a nan? Shan shayi?"

Ya fara kame-kame, wai yaran yanzu garaje gare su.

"Rufe min baki. Yaron yana kwance a asibiti, har yanzu cewa yake kai Oga ka fi shi sani. Wanke hannunka ka wuce mu je wurin shugaban kanikawa, ka faɗa masa da bakinka abin da ya hana ka durƙusawa ka duba."