Ranar da Kawu Gimba Ya Ɗumama Shamisen

Ranar da Malama Fumie ta miƙa wa Suwaiba shamisen ɗin a falonta da ke unguwar Levenshulme a Manchester, magana ɗaya ta yi ta nanatawa: kada danshi ya taɓa fatar, kada kuma zafi ya kusance ta. Shamisen abin kiɗan Japan ne mai tsirkiya uku da dogon wuya siriri, cikinsa mai kusurwa huɗu an rufe shi da farar fata. Ba da igiya ake ɗaure fatar ba. Jan ta ake yi har ta kusa tsagewa, sannan a manne ta da gam ɗin shinkafa, ba ta ƙara ɗaukar wani ja.

Wannan na mahaifiyar Malama Fumie ne, kuma tsohon da ya sa masa fatar a garinsu ya daɗe da rasuwa. Ita kanta Malama yatsunta sun kumbura da sanyin ƙashi, shekara huɗu ke nan ba ta iya kaɗawa. Suwaiba, wadda ke digirin digirgir a kan ilimin sauti a Manchester, ta shekara biyu tana koyo a wurinta da wani na 'yan koyo mai fatar roba. Da aka sa ranar wasan ɗalibai a Birmingham, tsohuwar ta ce da na mahaifiyarta Suwaiba za ta kaɗa. Tana so ta sake jin muryarsa a gaban jama'a tun kunnenta yana ji.

Ran Juma'a Suwaiba ta hau mota zuwa Birmingham, akwatin shamisen ɗin a kan cinyarta, ta sauka gidan Kawu Gimba, ƙanin mahaifiyarta, a Lozells. Gida ne mai danshi, bangon ɗakin baƙi har ya yi baƙi ƙirin a kusurwa. Sau uku tana rubuta masa takardar koke da zai kai wa council, hukumar gari, sau uku yana cewa ba komai, haka gidajen ƙasar nan suke.

Da hantsin Asabar ta fitar da shamisen ɗin daga jakarsa ta takarda don ta ɗan gwada. Sautin ya yi nauyi kaɗan, ba sosai ba. Ta san in aka bar shi awa biyu a busasshen ɗaki zai dawo da kansa.

Kawu Gimba ya leƙo da kofin shayi, ya tsaya yana saurare. Shekara ashirin yana tuƙin bas a garin, kuma bai taɓa gaya wa 'ya'yansa cewa ubansa makaɗin gangar noma ba ne.

"Fatar nan ta sha sanyi," in ji shi. "Miƙo."

"Kawu, ai da kanta za ta..."

"Miƙo mana, ba cinyewa zan yi ba."

Ta miƙa. Ya ƙwanƙwasa fatar da farce, ya karkata kai, sai ta ga fuskarsa ta sake kamar ta yaro.

"Da damina, kakanki Allah ya jiƙansa, ba ya taɓa ganga sai ya hura wuta ya kanga ta. Ni ke riƙe masa. Yana bugawa da yatsa, yana cewa juya, Gimba, juya, har muryar ta hau."

Anti Raki, matarsa, ta tsaya bakin ƙofa da ludayi. "Ikon Allah! Yau kuma an tuna da gidan makaɗa? Ba kai ke ce wa yara babanka ɗan kasuwa ba ne?"

"Ke dai je ki duba wainarki, ta fara ƙauri."

Ya sunkuya ya kunna hita.

"Kawu, Malama ta ce zafi bai..."

"Malamarki ta fi ni sanin fata? Fata ai fata ce, ta Japan ko ta Argungu. Ku da karatunku, sai ku sa abu mai sauƙi ya zama exam."

Anti Raki ta yi mata wani kallo, irin wanda ke cewa ya isa, babba na magana.

Suwaiba ta san abin da zai faru, ta san shi dalla-dalla. Fatar ganga tana da igiya da za ta ɗan saki in jan ya yi yawa. Wannan ba ta da wurin gudu. Watan jiya ta tsaya gaban farfesoshi ta ce musu lissafinsu bai yi ba, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Amma nan gida ne, kuma an raine ta ne a kan cewa wanda ya girme ka ba ya kuskure a gabanka, sai dai bayan ya fita a yi ta gunaguni. Ga shi kuma mutumin da ya binne zancen ubansa shekara da shekaru, yau ya tono shi, idonsa har ya ciko. Ta ina za ta fizge abu daga hannunsa? Hannuwanta suka ɗaga, suka koma cinyarta.

Yana juya shamisen ɗin a gaban jan ƙarfen hita kamar mai gasa masara. Ya ƙwanƙwasa. Sautin ya hau, ya yi tsaf.

"Kin ji? Kin ji muryar? Saura ƙiris."

"Ya isa haka, Kawu, don Allah."

"Ƙiris na ce."

Ƙarar ba ta fi ta tafi ɗaya ba. Tas! Fatar ta tsage daga kusurwa zuwa tsakiya, ɗan kadarkon da ke ɗage tsirkiyoyin ya faɗa kan kafet.

Kawu Gimba ya yi salati. Ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya ce a hankali, "Ƙaddara ce, 'yata. Dama kwananta ya ƙare. Zan sa a aiko da fatar akuya daga Kano, mai kyau."

"Sai haƙuri," in ji Anti Raki. "Ki ce wa malamar taki a mota ya fashe."

Ƙaddara. Suwaiba ta san kalmar sarai. Da irinta aka rufe zancen bangon da ya ruɓe, da ita yanzu za a rufe hitar da aka kunna da hannu. Ta tsinci kadarkon, ta mayar da komai cikin jakar takarda.

Ƙarfe biyu ta isa zauren wasan. Ɗalibai 'yan'uwanta suna ta daidaita tsirkiya a bayan labule. Malama Fumie ta iso tun da wuri daga Manchester, tana zaune a kujerar gaba cikin rigarta ta siliki mai ruwan toka, wadda ta ce ba ta sa ta ba tun jana'izar mahaifiyarta. Da ta hango Suwaiba ta ɗaga kumburarrun yatsunta tana murmushi.

Suwaiba ta durƙusa gabanta ta buɗe akwatin.

Tsohuwar ta bi tsagar da ɗan yatsa, daga kusurwa har tsakiya. Ta kai fatar hancinta, ta ji ƙaurin. Ta taɓa tsirkiya ɗaya, ta yi wani sauti kamar an buga kwali.

"Wa ya kai shi gaban wuta?" ta tambaya da Turanci.

"Ina zaune a wurin," in ji Suwaiba. "Na sani, na bari."

Malama Fumie ta gyaɗa kai. Ta naɗe bakin jakar takardar sau biyu, yatsun suna ƙin lanƙwasuwa, ta rufe akwatin, ta ɗora shi kan cinyarta ta rungume. Wata ɗaliba ta zo da gudu ta ce ga nata mai fatar roba, Suwaiba za ta iya ara.

"Ki kaɗa," in ji Malama, ba tare da ta kalle ta ba. "Mutane sun zo."

Suwaiba ta hau ta kaɗa, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Aka yi tafi. A kujerar gaba, tsohuwar ba ta saki akwatin ba balle ta tafa.